Mu Biyu a Bencin Baya

Zuwa ga Baba Fasto da dattawan ikilisiyarmu ta masu jin Hausa da ke Okala, Libreville.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rifkatu matar Bitrus, mai buga tulu wajen waƙa a zumuntar mata, wadda kuka sa a horo tun Lahadin bayan Ista. A gaban jama'a aka karanta hukuncina, shi ya sa ni ma na rubuto a fili, kuma da yardar mijina.

Na farko, abin da aka faɗa muku gaskiya ne. An gan ni a kantin magani a unguwar Oloumi ina sayen kwaroron roba. Sai dai ba wanda ya tambaye ni dalili. Bitrus ya daɗe yana walda wurin masu haƙar mai a Port-Gentil, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba. Bara ya dawo da tari da rama, likita ya ce sida ce, wato ƙanjamau. Aka gwada ni, ba ni da ita. Yadda ya same ta, ya faɗa mini a durƙushe. Na yi kuka har idona ya kumbura, sannan na yafe masa. Wannan tsakanina da shi ne da Allah.

Na biyu, ku kanku bakinku bai zo ɗaya ba. Wani dattijo ya ce robar nan kayan mazinata ce, ba ta dace da ɗakin aure ba. Wani ya ce mai bangaskiya ba ya tsoron cuta. Baba Fasto, kai ka ɗaura aurenmu, kai ka sa na yi alkawarin zama da shi ko da lafiya ko da ciwo. Ina son mijina, ba zan guje shi ba. Ba kuma zan bar 'ya'yana su rasa uwa da uba ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Kun hana ni cin jibin Ubangiji tare da sauran masu bi, kun karɓe tulun, kun ce in koma bencin baya. Na koma. To, Bitrus ba a horo yake ba, amma ranar nan ya tashi daga cikin maza, ya tako a hankali ya zauna kusa da ni. Na hana shi, ya ƙi ji. Bencin nan ba shi da majingina, ga shi a bakin ƙofa inda feshin ruwan sama yake shigowa. Wa'azinka kuwa, Baba, ka san ba gajere ba ne. Kafin a ce amin ya langaɓe a kafaɗata yana tari.

Roƙona shi ne ku sake zama, ku kira ni ku ji ta bakina, ku kira likita ku ji ta bakinsa. In kun ga har yanzu na cancanci horon, zan ɗauka. Amma don Allah ku sa a kawo kujera ɗaya mai majingina a ajiye kusa da bencina, domin mutumin nan ba zai koma gaba ya bar ni ba.

Allah ya ƙara muku hikima, ya tsare gidajenku daga abin da ya shigo nawa.

Wassalam.

'Yarku cikin Ubangiji,
Rifkatu Bitrus