Ƙarar Amale

Damagaram, farkon bazara

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Ya Kaltuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Sha'ibu da yara. Yaya zafin Maine? Yaya ƙafar taki, ta daina kumburi? Mu nan Zango lafiya lau, sai rashin ruwan famfo da kika sani. Mai ɗakina Nafisa tana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun Zakari direba alhali ga waya. Gidan nan babu lungun da kunnen Inna bai kai ba. Ido ya tafi, hankali yana zuwa yana komawa, amma kunne sai dai mu ce ma sha Allah. Ni ma kuma muryata ba ta ɗaukar wannan magana.

Maganar Amale ce, babur ɗin marigayi Ya Mala. Kin tuna shi, dogon nan mai ƙaton tanki da ya saya a hannun wani Nasara da ya ratso hamada ta Agadas. Shi nake hawa zuwa rigakafin dabbobi a ƙauyuka tun da rami ya rufta da Mala a wurin haƙar zinariya a Jado. Abin da kika gani rabi-rabi da kika zo Salla, bari yau in faɗa miki shi duka.

An gaya wa Inna rasuwar, ta yi kuka, ta karɓi gaisuwa, daga baya abin ya goge mata kamar ba a yi ba. Ta daina cin abinci, muna ta fama. Ranar da na fara tayar da Amale don kawai in fitar da shi daga zaure, sai muka ji ta daga ɗaki tana cewa Mala ya dawo, a kawo tuwo. Na shiga in gyara mata magana, ta kama hannuna ta sunsuna, ta ji warin mai da hayaƙi, ta ɗauka Mala ne, ta ja ni na zauna. Ta ci tuwo ta suɗe kwano. Na dubi Nafisa, Nafisa ta dube ni, muka yi shiru. Shirun nan ne har yau muke ciki.

Kullum kafin magariba take gyara zama ta fuskanci ƙofa. Tun ina kwanar masallaci take jin dum-dum ɗin Amale, ta ce a buɗe kwano. In ba ta ji shi ba, ko Nafisa za ta yi mata rawa ba za ta sa loma a baki ba.

Kin san hirar da take yi wa Mala? Gulmata. Wai Ibrahim tun da ya shiga lakkol ya yi boko ya zama Nasara, ko leƙo ta ba ya yi. Ni ina zaune ina yanka mata loma, ina cewa Allah ya shirye shi. Ki yi dariya in kin ga dama, ni ma da farko na yi. Yanzu ba ta zuwa mini.

To ga inda gizo yake saƙa. Amale ya tsufa, Ya Kaltuma. Sai na buga masa ƙafa har gwiwata ta yi tsami kafin ya tashi, yana shan mai kamar rariya, kayan gyaransa kuma sun ɓace a kasuwa. Ɗanƙarami makanike ya ce shi yanzu addu'a yake yi masa, ba gyara ba. Alkasum mai sayar da babura a bakin kasuwar Dole ya nuna mini wani sabo, mai tashi da maɓalli, mara nauyi, mai shiga rairayi. Abin hannuna ba zai kai ba sai an haɗa da Amale. Akwai wani mutum a Yamai mai tara irin waɗannan tsofaffin da yake son sa, amma da sharaɗin yana tashi. In na jira har ya mutu, ba mai karɓar sa ko kyauta.

Ke ce babba yanzu. Ki gaya mini abin da zan yi, don ni kaina ya kulle.

Ki gaida Malam da yara. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Ibrahim

*

Damagaram, tsakiyar bazara

Zuwa ga Ya Kaltuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gida duka, da fatan kuna lafiya. Na ji ƙaramar taki ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi. Barkonon da kika aiko ya iso, Nafisa ta gode.

Takardarki ma ta iso. Kin ce uwa ɗaya ce, babur kuwa ƙarfe ne, in riƙe wanda zai sa ta ci abinci. Haba Ya Kaltuma, wa ya ce miki ban san wannan ba? Daga Maine komai yana da sauƙi. Amma na bi maganarki, na ce wa Alkasum ya dakata. Ga abin da ya biyo baya.

An tura ni wata ruga bayan Hamdara. Makiyaya sun tara shanu tun safe suna jira na. Saura kaɗan in isa, Amale ya yi tari ya ɗauke a tsakiyar rairayi. Na canza buji, wato filogi, na hura, na buga, na zage shi, na roƙe shi. Ko motsi. Rana ta taso, ƙanƙarar da ke akwatin magani ta narke ina kallo, allurar duk ta lalace. Amalanken shanu ne ya ɗauko mu, ni da Amale muna zaune a kai kamar marasa lafiya. Sai washegari na iso gida.

Na tarar da kwanon jiya a rufe, na yau ma a rufe. Ruwa kawai Nafisa ta samu ta ɗura mata. Leɓenta duk ya bushe. Na durƙusa na ce mata na dawo, ta kau da kai, ta ce ita ba ta ji dawowar kowa ba. Sai da Ɗanƙarami ya zo har ƙofar gida ya sha fama injin ya kama, na zagaya da shi na dawo ta kwanar masallaci, sannan ta ce a buɗe kwano. Har faɗa ta yi mini, wai me ya sa na kwana a daji ban aiko ba.

A wurin aiki kuwa shef, shugaban bironmu, ya kira ni gaban kowa. Ban ga laifinsa ba, shanun mutane ne. Ya ce zagayen da za a fara kafin ruwa ya sauka ƙauyukan yammacin Takyeta ne nawa, kuma in maganin ya sake lalacewa a hannuna, akwai samari da yawa masu babur mai lafiya da suke jiran wurin. Kin san aikin nan shi ne tuwon gidan nan, har da wanda Inna take ƙin ci.

Nafisa ta kawo wata dabara. Muka ɗauki ƙarar Amale a waya, ta tsaya a zaure ta kunna, ni kuma na shigo da ƙafa. Inna ta saurara, ta ce wane yaro ne yake wasa da rediyo. Ta ce na Mala a ƙirji take jin sa, kwanukan da ke jere a kan kabad ɗinta har kaɗawa suke yi. Gaskiyarta ce, na lura daga baya. Suna kaɗawa.

Na kuma gwada shigowa da safe a matsayin kaina, na yi wanka na sa kaya masu tsabta, na ce Inna ga Ibrahim ya zo gaishe ki. Ta amsa mini gaisuwa irin ta baƙi, ta tambayi mutanen gidanmu. Na fita zaure na zauna, na daɗe ban iya tashi ba.

Ɗanƙarami ya ba wani ɗan'uwansa da zai je Kano sautun fistan. Shi ne abin da ya rage mana. Ba na sa rai, ina dai faɗa miki ne.

A gaida Malam. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Ibrahim

*

Damagaram, gab da damina

Ya Kaltuma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya ke da iyali. An ce kun samu yayyafi, Allah ya sa na albarka ne. Mu hadari yana haɗuwa yana watsewa.

Fistan ya zo daga Kano, bai shiga ba. Ɗanƙarami ya juya shi ya juya shi, ya ajiye, ya goge hannu. Mutumin nan abokin Mala ne tun suna yara, ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce injin yana cin kansa daga ciki, ko na ajiye shi don zagayen kwanar masallaci kaɗai, ba zai ga kaka ba. Da ya faɗa sai da ya juya mini baya.

Kin ga yadda abin yake. In na riƙe shi, aiki ya tafi yanzu, ƙarar ma ta tafi nan gaba kaɗan, mu zauna babu tuwo babu mai cin sa. In na sayar, ƙarar ta tafi yanzu. Duk ta inda na ɓullo, Inna za ta wayi gari ba ta ji shi ba. Na yi istihara, ban ga komai ba sai ciwon kai.

Zan faɗa miki wani abu, kada ki gaya wa Malam. A can ƙasan zuciyata akwai ɗan kwaɗayi. Ina cewa wataƙila in ƙarar Mala ta ɗauke, ta yi kukanta na 'yan kwanaki, sai ta waiwayo ta ga wanda ya rage mata. Na gaji da zama Mala, Ya Kaltuma. Ina son uwata ta kira ni da sunan da ta raɗa mini ko sau ɗaya kafin ɗayanmu ya tafi.

Na ce wa Alkasum ya turo a ɗauka ranar Asabar. Na roƙe shi su tura shi da hannu har sai sun fita unguwa. Na san ba shawararki ba ke nan. Ki yi fushi in za ki yi, amma ki yafe mini.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Ƙanenki,
Ibrahim

*

Damagaram, damina

Zuwa ga yayata Kaltuma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni da Nafisa lafiya. Inna ce dai.

An zo an ɗauki Amale. Sun tura shi kamar yadda na roƙa, amma nauyinsa ya ishe su, suna kaiwa kwanar masallaci ɗayansu ya hau ya buga masa ƙafa. Babur ɗin da yake wahalar da ni kullum, ranar bugu ɗaya ya tashi. Kwanuka suka kaɗa. Inna ta ɗaga kai, ta ce yau kuma Mala ya fita bai yi mata sallama ba. Ta ɗaga murya ta ce ya dawo da wuri, miyar kuka aka yi. Ina tsaye a kanta, muka saurare shi tare har ya ɓace.

Sabon babur lafiyarsa lau, Allah ya isa tsakanina da lafiyarsa. Na gama ƙauyukan Takyeta ba tare da ya yi ko tari ba, shef har ya yaba mini. Ƙararsa siririya ce kamar ta keken ɗinki, ba ya zubar da mai, ina dawowa rigata fes. Duk yamma in na tsaya a ƙofa, sai in ji Inna tana tambayar Nafisa wane ɗan kabu-kabu ne yake sauke mutane a ƙofar gidanta.

Kwanon yana nan a rufe. Kunu take karɓa, cokali kaɗan, shi ma sai Nafisa ta ce mata Mala ne ya aiko. Likita ya zo ya ɗaura mata ruwa, ta cire. Warwaron hannunta yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Na koma wurin Alkasum kamar mahaukaci, na ce ya karɓi nasa ya ba ni nawa. Ya ce Amale ya daɗe da isa Yamai a bayan babbar mota. Na shafa baƙin mai a hannu na miƙa mata, ta sunsuna, ta ture.

Jiya na zauna kusa da ita na ce mata ni ne Ibrahim, ɗanta, autanta. Ta ce in ji tsoron Allah, Ibrahim ba ya zuwa gidan nan. Can ta laluba ta kama bakin rigata. Ta ce tunda ina da babur, in taimake ta saboda Allah in je in nemo mata Ibrahim duk inda yake. In ce masa wansa ya fita bai dawo ba. In ce masa ko me ta yi masa ya yi haƙuri, ya zo ya nemo mata ɗan'uwansa, ba ta da wanda za ta aika sai shi. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro ɗaya, wai ladan aike.

Na ce mata to. Na hau babur na zagaya ta Birni, na tsaya wajen duwatsu har aka kira magariba, na dawo. Tana jin tsayuwata ta tambaya ko na same shi. Na ce ban same shi ba. Ta ce in sake gwadawa gobe.

Ki taho, Ya Kaltuma. Ki biyo Zakari in zai dawo, kada ki jira sai an yi girbi, ba za ta kai ba. Wataƙila ke ta gane ki. In kin zo ta tambaye ki labarina, ki ce ina hanya. Yau ma ta aike ni, yanzu zan fita.

Ƙanenki,
Ibrahim