Shuɗiyar Taguwa a Tashar Jiha

Birnin Tsaba,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ɗana Murtala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Kaduna, yaya shago, yaya Fauziyya da nauyin jikinta? Allah ya sauke ta lafiya. Babanku yana gaishe ka. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san sai da na yi furfura na fara riƙe biro. Tun da aka kashe layukan waya ba ni da hanyar magana da kai sai wannan, direban Kaura zai kawo maka.

Jiya na shiga gidan maƙwabciyarmu Mardiyya barka, talabijin ɗinsu yana kunne. Eriyarsu a kan gora take, hoton kamar ana zuba masa yashi. Kafin labaran yamma tashar jiharmu tana nuna wasu hotuna, an ce kullum su ake maimaitawa, na 'yan gudun hijira a Shinkafi ana raba musu hatsi. A cikin layin akwai wani mai shuɗiyar taguwa, da farin faci a kafaɗar hagu. Murtala, ni na yi facin nan, da ƙyallen tsohon zanena, lokacin da garwashi ya ƙona taguwar yayanka. Tsayin ma nasa ne. Fuskar ce kawai ba ta fita.

Shekara biyu ke nan da aka tare motarsu a hanyar Shinkafi, ba gawa ba labari. Ban ga fitarsa ba ranar, ina rijiya, don haka ban san abin da ya sa a jikinsa ba. Akwatin kayansa yana ɗakin babanku, har yau na kasa buɗe shi. Tun jiya ko na rufe ido facin nake gani.

An ce idan aka sa setilayit ana ganin fuskar mutum tar. Ban taɓa roƙon ka abin kallo ba, yau na roƙa. Na faɗa wa Salima matarsa, yau sai ga shi ta yi kitso.

Ka gaishe da Fauziyya.
Innarka,
Kulsumu.

Birnin Tsaba,
Ranar Talata.

Ɗana Murtala,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun wuni lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Na ga ka rubuta in sayi irin naku, mai ƙaramin faranti da tashoshi fiye da ɗari. Kada ka ji haushi, ban saye shi ba. Na je Kaura da ƙafata, shagon Cletus da ka ce, wanda ke kusa da tashar jirgi. Mutumin kirki ne, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya kunna mini su ɗaya bayan ɗaya. Naku akwai ƙwallo, akwai Indiya, akwai Makka, amma ya bi su kaf babu tashar jiharmu. Kuma ya ce duk wata sai an sabunta kuɗinsa ta waya, ga shi waya ba ta aiki a nan. Na biyun yana da tashar jiharmu, amma hoton bai fi na gidan Mardiyya da yawa ba. Na ukun farantinsa ya kai faɗin tabarma, ba a biyan komai a wata, tashoshinsa kaɗan ne, yawancinsu na gida. Ya ce idan aka haɗa shi da sabuwar dikoda, wato akwatin da ke kamo hoton, har gashin girar mai karanta labarai zan gani. Ya yi ta yi mini dariya, wai bai taɓa ganin wanda ya bar tasha ɗari don tasha ɗaya ba. Da na faɗa masa dalili sai ya daina, ya ce shi da kansa zai zo ya kafa.

Babanku ne ya ƙi. Ya ce babban faranti a kan rufi shela ce, duk wanda ya hango daga daji zai ce gidan nan akwai kuɗi. Gaskiyarsa ce, ni ma na ji tsoro. Cletus ya ce ana iya kafa shi a ƙasa idan ba abin da ya tare masa sama, sai na ce a sa shi bayan rumbu a kewaye da zana. Sai babanku ya ce lantarkin hasken ranar da ka sa mana ba zai ɗauka ba. Aka gwada, ya ɗauka. Sai ya ce kallo ba na tsofaffi ba ne. Shekara talatin da shida muna tare bai taɓa hana ni abu sau uku ba. Ya daina cin abinci sosai, yana zama a zaure shi kaɗai. Ina ganin tsoron sa rai yake yi.

Ni kuma kwana uku a jere ina jin kamar an jingina keke a ƙofar gida bayan la'asar, yadda yayanka yake yi. In na leƙa ba kowa.

Jibi za a kafa. Ka taya mu addu'a.
Innarka,
Kulsumu.

Birnin Tsaba,
Ranar Lahadi.

Ɗana Murtala,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya mai jiki? Mu muna nan, alhamdu lillahi a kan kowane hali.

An kafa ranar Alhamis. Cletus bai yi ƙarya ba. Muka zauna ni da Salima a tabarma ɗaya, babanku yana tsaye a bakin ƙofa. Hotunan suka zo. Taguwar ce. Na ga facin, na ga inda zarena ya ƙare na ƙarasa da baƙi. Sai mutumin ya juyo. Tsoho ne, Murtala, mai farin gemu da zube a kumatu, ban taɓa ganin sa ba. Salima ta tashi ta shiga ɗaki.

Na ce to ko a daji ya haɗu da yayanka ya ba shi, gobe zan tafi Shinkafi in neme shi in tambaya. Har na fara neman mayafi. Sai babanku ya zauna a ƙasa, ya ce, "Kulsumu, ba inda za ki. Ni na ba da ita. Bara da azumi na kwashe kayansa na kai wa 'yan gudun hijira sadaka, ladan ya je masa. Na kasa faɗa miki."

Ka sani ba a rabar da tufafin mai rai. Ashe shi tun bara ya haƙura, ya riƙe shi kaɗai, yana kallo ina ajiye kwanon tuwo ɗaya a rufe kullum. Na shiga na buɗe akwatin. Ba komai sai warin kafur da hula ɗaya da ta maƙale a gefe. Ban yi masa faɗa ba. Na rasa wanda zan fi tausaya wa.

Wani lokaci ina cewa da na ji maganarka na sayi mai tasha ɗari, da har yanzu ina da ɗa a Shinkafi yana bin layin hatsi. Astagfirullah. Amma har yau in lokacin ya yi sai na kunna. Tsohon yana juyowa a wuri ɗaya kullum, taguwar ta yi masa daidai. Ina yi masa addu'a, ban san sunansa ba.

Na yarda a tara malamai ranar Juma'a ta sama a yi wa yayanka addu'a. Iyayen Salima za su zo daga Zurmi, babanku zai yi magana da su a kan abin da shari'a ta ce game da ita. Ka zo idan hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba kada ka kuskura.

Abu ɗaya nake so. Idan Fauziyya ta haifi namiji, ka sa masa sunan yayanka. Ka san ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba, ko a makarantar manya da aka ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta, nasa na tsallake. Ga shi yau: Hafizu. Ka duba mini ko na rubuta shi daidai.

Allah ya tsare mini kai.
Innarka,
Kulsumu.