Zuwa ga Nasiru, Wanda Ya Shiga Goman Farko a Jerin Majefa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina sanar da kai cewa mutanen gida duk lafiya lau, sai kewarka. Na rubuto ne a nan inda kowa zai gani, domin idan na kira ka a waya dariya kake mayar da maganata.

Jerin wannan makon ya fito, na kuma gani. A cikin masu jefa ƙwallo na gasarku ta can Amurka, ka shiga goman farko. Tun safe ake shigowa shagon ɗinkina a Wunti ana yi mini barka, har da waɗanda ba su san ƙwallon taku da hannu ake jifa ba, ba da ƙafa ake bugawa ba.

Ni kaina da kyar na koyi karanta abin. Mijina, Malam Sani, shi ya zaunar da ni kamar ɗalibarsa ta makarantar da yake koyarwa a Yelwa. Ana duba jifa nawa ya isa hannun ɗan ƙungiyarku, nisan da ya ci, da kuma nawa abokan hamayya suka cafe. Yanzu ni da ba na iya zama kallon ƙwallo ko na minti biyar, har musu nake yi a kan wane ya fi wane saiti.

Ban yi mamakin hannunka ba. Kai ne ka hana mangwaron unguwarmu nuna, kai ne ka fasa wa Alhaji na kusa da mu gilashin taga, ni kuwa aka tura ba da haƙuri. Inna kullum cewa take, "Wannan hannun, Allah dai ya shirya shi." To ga shi ya kai ka inda ba mu taɓa zato ba.

Amma na bi jerin nan daga sama har ƙasa, ban ga inda ake rubuta sau nawa aka maka mutum da ƙasa ba. Na kalli wasan da kuka yi kwanan baya. Ƙato ya zo ta bayanka, kanka ya daki ƙasa, hular kwanon da ke kanka ta yi tsalle. Ka miƙe, ka nufi ɓangaren abokan hamayya maimakon naku, sai da aka juyo da kai. Aka ci gaba da wasa, aka yi ta tafi. Tsoro nake ji, Nasiru. Duk hawan da ka yi a jerin, na san ba za su zaunar da kai ka huta ba, kai ma ba za ka roƙa ba.

Ranar Juma'a ka kira ni. Muna cikin hira ka ce in gaida maka Goggo Asabe ta Inkil, ƙanwar Baba, in gaya mata bargon da ka yi mata alkawari yana hanya. Nasiru, Goggo ta rasu bara da azumi. Ni na gaya maka, kuma kuka ka yi sosai a waya.

Na jira ka ce wasa kake yi, ba ka ce ba. Sai na ce maka za ta ji. Ƙarya na yi maka, kuma tun ranar ɗinki ya gagare ni, sai farkewa nake ina sakewa. Ban gaya wa Inna ba, amma yau za a karanta mata wannan, ka san kuwa ita ba za ka yi mata dariya ba.

Don Allah ka je wurin likita, wanda ba na ƙungiyarku ba, ka gaya masa zancen Goggo kamar yadda na rubuta. In sun cire sunanka daga jerin, su cire.

Allah ya tsare mana kanka, ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya jiƙan Goggo da rahama. Allah ya sa da ka karanta sunanta ka tuna rasuwarta da kanka, ba sai don na faɗa ba.

Taka har kullum,
Yayarka Hajara