Bututun Hayaƙin Gidanmu

Litinin, 10 ga Oktoba

'Yata Hye-suk ta bugo waya daga birnin Daegu. Wai uwarta ba za ta dawo ba muddin ɗakin na yoyon hayaƙi, bara saura kaɗan ya kashe ta. "Baba, in ƙanƙara ta sauka ba a gyara ba, kai ma kwaso ka zan yi." Ni za a kwasa, kamar buhun barkono.

Na fasa daɓen yau. Duwatsun da wuta ke bi ta ƙarƙashinsu su ɗumama ɗaki duk sun tsage. Hanyoyin hayaƙin sun toshe da kunkunniya.

Alhamis, 13 ga Oktoba

Ba zan sa siminti ba. Siminti ba ya numfashi.

Na tura baro zuwa kangwayen gari. Falalen dutse mai kauri daga gidan marigayi Gu maƙeri, shi zai zauna kusa da bakin murhu. Sirara daga gidan ungozoma, su ne na can ƙarshen ɗaki. A kan ɗaya daga cikinsu aka haife ni. Duk garin ba wanda ya san na wane ne wanne sai ni.

Asabar, 15 ga Oktoba

Jar ƙasa, yashi, yankakken karan shinkafa. Da ƙafa na cuɗa. Gwiwa ta kumbura.

Laraba, 19 ga Oktoba

Pyo ya zo da giyar shinkafa da surutu. Maƙwabcina ne, na girme shi da shekara biyu, amma bakinsa ya girme ni. Ya tsaya kan bututun hayaƙina da bai wuce ƙugu ba.

"Yaya, wannan bututu ne ko kujerar kaza? Tun da aka cike hanyar mota ta yi tudu, iska ta koma faɗowa tsakar gidanka. Ɗaga shi ya wuce rufi."

Na ce babana ne ya gina shi gajere, da gangan. Lokacin bazara, in hatsi ya ƙare kafin sha'ir ya nuna, mai abin dafawa ba ya barin maƙwabta su ga hayaƙinsa. Kunya ce.

"To yanzu wa ke jin yunwa? Mu nawa muka rage?"

Na karɓe giyar, na kore shi.

Lahadi, 23 ga Oktoba

Na jera duwatsu, na cusa tsakuwa a tsakani, na shafe da laka. Na haƙa ramin toka a gindin bututu yadda Baba ya nuna mini. Aikin ya yi kyau. Ko ba wanda ya faɗa, na faɗa.

Juma'a, 28 ga Oktoba

Na kunna ƙaramar wuta don laka ta bushe a hankali. Hayaƙi ya dawo mini a fuska. Daɓen bai yi yoyo ko ɗigo ba, amma wutar ta ƙi shiga ciki. Ƙarshen ɗaki sanyi kamar rijiya.

Itacen ne ɗanye.

Asabar, 29 ga Oktoba

Busasshe ma haka.

Litinin, 31 ga Oktoba

Da hantsi tsohuwa Nam ta hauro daga ƙetaren rafi, tana haki a kan sandarta. Ta leƙa ɗaki, ta gan ni, ta zauna daɓas.

"Au, kana da rai. Kowace safiya ina ganin hayaƙin Pyo, in san ya tashi. Kai kuwa, da gajeren bututunka, sai na taka da ƙafata. Ka ji tausayin ƙafar nan, Baban Hye-suk."

 Na ba ta busasshen kaki, 'ya'yan itacen da ke bayan gidanmu.

Alhamis, 3 ga Nuwamba

Akwai ragowar tsingaron rufi daga gidan Gu, ga laka ta rage. Bai kamata su lalace a banza ba. Layin laka, layin tsingaro, a kan bututun har ya wuce rufi. Pyo ya riƙe tsani, kuma bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara.

Asabar, 5 ga Nuwamba

Bututu ya ja. Wutar ta kwanta ta shige ciki tana gurnani. Na kwanta a ƙarshen ɗaki, zafi ya ratsa bayana har wuya. Ni, Byeon, da sai bayan furfura na koyi rubutu cikin tsofaffin mata, na mayar da ɗakin ubana sabo da hannu biyu. Na manna takarda mai kauri a kan daɓe, na shafe ta da man wake.

Talata, 8 ga Nuwamba

Sun iso. Hye-suk ta bi kusurwoyi tana shinshina, ba ta samu komai ba. Ta liƙa wata na'ura a bango, mai ƙara in ta ji hayaƙi. Na ƙyale ta.

Uwar Hye-suk ta zauna a kan dutsen Gu, ta cusa hannuwa ƙarƙashin cinya, ta lumshe ido. Wai tun daga gada ta hango hayaƙi, ta ce wa 'yarmu, "Ga tsohon can, bai mutu ba."

Sannan ta dube ni. "Wa ya ɗaga bututun?"

Na ce laka ce ta rage.

Gobe zan kunna wuta da wuri, kafin tsohuwa Nam ta fara neman sandarta.