Kunnena na Hagu

Zuwa ga Yaya Tukur, Kademi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Bilki. Yaya damina, gyaɗar ta yi kuwa?

Ni nan Amurka sai godiya. Ina nan garejin da muke haɗa injinan motocin tsere. Aikina in ɗauki hoton bawul, wato ƙofar iskar inji, da kyamara yana buɗewa yana rufewa, sai in rage gudun hoton in ga inda yake tsalle. Da haka na canza wa wani inji sifirin ɗin da ke rufe bawul, ranar Asabar motar ta zo ta ɗaya. Yaya, har ɗaga ni sama aka yi!

Ka ce Inna tana ƙorafi, wai in ta kira ni sai ta yi ta maimaita magana. Ba raini ba ne. Ƙarar inji ce ta ɗan taɓa min kunnen hagu. Likita ya ce in riƙa toshewa, kuma ina yi. Kada ka tayar mata da hankali. Ka dai roƙar min ita ta riƙa ɗaga murya, musamman in ta zo sa albarka. Ba na son ko kalma ɗaya ta wuce ni.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka,
Muktar