A Rage Mini Matsayi, Amma A Bar Ni Kusa Da Mahaifiyata

Zuwa ga Shugaban ofishin ilimin da ke kula da makarantarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, sau huɗu ina zuwa ofishinka masinja yana ce mini ka fita, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani. Ni ne malamin darasin Gwamnati da ka tura bakin iyaka, can bayan Baure.

Na ɗaya. Abin da na koyar yana cikin manhajar da ofishinka ya raba mana. Na gaya wa 'yan aji biyar cewa tun daga masanan Girka, zuwa malamanmu da suka rubuta wa sarakuna nasiha, har Turawan da suka kira mulki yarjejeniya, maganar ɗaya ce: talaka yana biyayya ne don a kula da shi. Shekara goma sha tara ina faɗin haka, ba wanda ya ce kanzil.

Na biyu. Ranar rabon kyaututtuka, kansila da bakinsa ya ce a yi tambaya. Wata ɗalibata ta tashi da ladabi, ta ce iyayensu sun sauke nasu nauyin, sun jefa ƙuri'a, to yaushe za a rufe ajinsu da iska ta yaye? Wallahi ban sa ta ba. Amma ba zan ɓoye ba, na yi tafi. Kwana uku sai ga takardar canji, wai ina cusa wa yara siyasa.

Na uku, wanda ya hana ni sukuni. Mahaifiyata tana nan Daura kwance, ɓarin jikinta ya shanye, kuma ba ta da wani ɗa sai ni. Matata ke mata wanka, amma ba ta iya ɗaga ta. Ni ke juya ta safe da yamma don kada bayanta ya yi gyambo. An ce in ban kama aiki can ranar Litinin ba, a bakin aikina. In na tafi wa zai juya ta? In na ƙi, da me zan saya mata magani? Gaba kura, baya sayaki.

Ga roƙona, don Allah don Annabi. A rage mini matsayi, a ba ni 'yan aji ɗaya, amma a bar ni a gari. In haƙuri kansila ke so, zan durƙusa masa. In ana so in tsaya gaban yaran nan in ce abin da na koya musu ƙarya ne, ina kuka zan faɗa, amma zan faɗa.

Allah ya sa ka gama da naka iyayen lafiya.

Wassalam,
Malamin da ke jiran amsarka kafin Litinin.