Tela Ya Haɗa Mini Ƴan Takara Biyu a Kaya Ɗaya

Tanti Madina, don Allah ki taimake ni kafin Asabar.

Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare, a nan Arlit, bana zan yi jarrabawar bak, kuma bana na fara samun katin zaɓe. Zagaye na farko ya same ni kwance da zazzaɓi, ban je ba, har na ji daɗi a raina. Ga na biyu ya matso, har yau ban san wanda zan zaɓa ba.

Babana yana aiki a mahaƙar Akokan da ake shirin rufewa, shi kuwa yana tare da ɗan takarar da yake ganin zai sama wa ma'aikata mafita. Kawuna Ismaghil makiyayi ne a Gougaram, nasa ɗan takarar ya yi maganar rijiyoyi. In na saurari Baba sai in ga yana da gaskiya, in Kawu ya zo da labarin awakinsa sai in koma bayansa. Tun watan jiya gaisuwa kawai ke haɗa su.

Baba ya kawo mini atamfar jam'iyyarsu, na ce to. Bayan kwana biyu Kawu ya aiko da tasu, kunya ta hana ni mayarwa, na sake cewa to. Na kai duka biyun wajen Muktari tela, na ce ya ajiye sai na yanke shawara. Shagonsa cike yake da kayan jam'iyyu, bai ma ɗaga kai daga keke ba. Jiya na je, ashe ya ɗinka riga da ɗaya, zane da ɗankwali da ɗayar. Fuskar wannan a ƙirjina, fuskar wancan a gwiwata. Wai shi launin kawai ya duba, ya ga sun dace.

Asabar za a yi sunan ɗan da yayata Mina ta haifa. Kowannensu ya riga ya gaya wa abokansa zan fito da kayansa. Ina tsoron su ɓata a gaban baƙi saboda ni. Ƙawayena kuma suna cewa mai karatu kamar ni bai kamata ta rasa ra'ayi ba. Ko dai ni ce ba ni da wayo?

Mai Ruɗani, Arlit

Ƴata Mai Ruɗani,

Na yi dariya, ki yafe mini. Muktari ya ƙulla ƙawancen da manya suka kasa, amma kada ki sa kayan nan ranar suna. Ki fito da kayan Sallarki, taron na Mina ne da jaririnta.

Wayonki lafiya lau. Kin saurari mutum biyu masu gaskiya, shi ya sa kika tsaya. Mahaifinki aikinsa yake tunani, kawunki ruwan dabbobinsa, ba wanda ya yi laifi. Inda kika kuskure shi ne "to" ɗin nan guda biyu. Kunya ado ce, amma ta sa kin yi alkawarin da ba za ki iya cikawa ba.

Kafin Asabar ki sami kowannensu shi kaɗai, ki fara da Baba. Ki gode masa, ki ce ba ki gama tunani ba, kuma ba za ki sa kayan kowa ba. In bakinki zai yi nauyi, mahaifiyarki ta zauna kusa, ita ta san mijinta ta san ɗan'uwanta. Za su ɗan ji zafi, amma gara a ɗaki da a tsakar taro.

Batun zaɓe kuwa, ki rubuta abu biyu da suka dame ki ke kanki, ko karatun lakkol ne ko aikin yi bayan bak. Ki saurari abin da kowane ɗan takara ke faɗi a rediyo game da su, ki lura da wanda yake bayanin yadda zai yi. Ba za ki sami wanda ya cika ta ko'ina ba, ki ɗauki wanda ya fi kusa. Ranar zaɓe ke kaɗai za ki shiga bayan labule, kuma ba dole ki gaya wa kowa inda kika dangwala ba, har ni.

Allah ya raya yaro, ya ba ki sa'ar bak.

Tanti Madina